Darasi na Tara: Shekarar Ango da Amarya

Kafin a fara, a karanta Kubawar Shari'a 24:5, da Ayyukan Manzanni 18:1-3 da 18:24-28, da Markus 6:30-34. Ayar haddacewa ita ce Mai-Wa'azi 4:6. Waɗanda su ke riƙe da juyin 1979 za su sami littafi na fari da sunan Maimaitawar Shari'a, na ƙarshe kuwa da sunan Mai Hadishi.

Wani gida a Shadawanka

Duk wanda ya san garin Bauchi ya san Barikin Shadawanka, mazaunin Birged ta 33 ta sojan igwa. A cikin barikin da unguwannin da ke kewaye da shi akwai sababbin ma'aurata da yawa na cikin ikkilisiya. Bari mu sa gida ɗaya a gabanmu domin misali. Ba za mu ba su suna ba, gama irinsu suna da yawa, mai yiwuwa ne kuma waɗansunsu suna zaune cikin ajin nan yau.

Maigidan kofur ne. Tun da asuba ya kan fita fareti, wata rana kuma ya kwana wurin gadi. Yana so ya ci gaba, domin haka ya sa sunansa a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, yana karatu da dare in ya sami sarari. Amaryarsa ɗaliba ce a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a shekara ta 1980. Ta kan ɗebi ruwa, ta dama koko, ta nemi keke napep zuwa lacca. In ta komo da la'asar ta zauna kan keken ɗinki, gama albashi ɗaya ba ya kai su ƙarshen wata, balle tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya koya wa ɗalibai cewa karatun da aka ce na shekara huɗu ne ya kan zarce haka. Ranar Talata tana Zumuntar Mata, shi kuwa yana cikin mawaƙa. Sa'ad da su biyu suka haɗu da dare, gajiya ta riga ta cinye su. Shi ya duƙufa kan wayarsa, ita ta yi barci da littafi a ƙirji.

Ba wanda ya yi laifin da za a kai gaban dattawan ikkilisiya. Aikin soja abin kirki ne, karatu abin kirki ne, ɗinki da waƙa duk haka. Duk da haka wata shida bayan biki, amaryar ta kan ce a ranta, maigidana ya zama baƙo a ɗakinsa. Shi kuma ya kan ce, ba ta san wahalar da na ke sha dominta ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar darasinmu ke nan: me Maganar Allah ta ke koya wa mutum biyu waɗanda abubuwan kirki su ke neman raba su?

Dokar Musa a kan sabon aure

Abin mamaki ne, doka ta fari da za mu duba ta shafi soja kai tsaye. Cikin Kubawar Shari'a 24:5 Musa ya umarta kada a fitar da sabon ango zuwa yaƙi, kada kuma a ɗora masa wani aikin jama'a, sai ya yi shekara guda cur a gida tare da matar da ya aura. A sura 20 aya 7 kuma an sallami wanda ya yi tashi amma bai ɗauki amarya ba tukuna daga fagen fama.

Mu da mu ke aikin juya Littafi Mai Tsarki mun daɗe a kan kalmomi biyu na Ibrananci cikin ayan nan. Ta fari ita ce "naƙi", watau wanda ba a binsa bashi, ba kuwa mai wata hujja a kansa. Ma'anar ita ce, cikin shekaran nan sarki ba ya bin angon kome, gidansa ne kaɗai ya ke binsa. Ta biyu ita ce "simmah", watau a sa wani ya yi murna. Aikin da aka ba mutumin ya wuce ciyarwa da tufatarwa. An ce ya faranta zuciyar matarsa. Mai sauƙi ne mutum ya kawo kuɗin cefane, ya ga ya sauke nauyi. Farin cikin mace kuwa ba a auno shi a Kasuwar Wunti, sai an zauna, an saurara, an san abin da ta ke tsoro da abin da ta ke bege.

Mu lura da tsadar dokan nan. Isra'ila ƙaramar al'umma ce a tsakiyar maƙiya, sababbin angwaye kuwa su ne samari majiya ƙarfi. Amma Ubangiji ya ga gara rundunar ta ragu da a bar gidajen su yi rauni, gama al'ummar da gidajenta suka rushe ba ta da sauran abin da sojanta za su tsare.

Kada wani ya ɗauki ayan nan ya kai wa hafsansa, ya ce Allah ya ba shi hutun shekara. Doka ce ta mulkin Isra'ila ta dā, sojan Nijeriya kuwa yana ƙarƙashin rantsuwarsa. Yohanna Mai Baftisma bai ce wa sojojin da suka zo wurinsa su bar aiki ba, sai dai su bar zalunci, su gamsu da albashinsu (Luka 3:14). Tun 2009 an yi ta tura samari yaƙi a Borno da Yobe, waɗansu ma lallen amarensu bai goge ba. Amma abin da dokar ta ke nufi yana nan daram: farkon aure lokacin kafa harsashi ne, yana kuwa bukatar lokacin da aka keɓe masa da gangan. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Halin da miji da mata suka saba da shi a shekara ta fari, ko na hira ko na shiru, shi za su tarar a ta ashirin.

Akwai magana a nan kuma domin ikkilisiya. In sarkin Isra'ila ya haƙura da angon, ashe, fasto da dattawa ba za su iya haƙura ba? Sau da yawa mu kan ga ma'aurata masu ƙwazo, mu ɗora wa mijin shugabancin matasa, mu ba matar ajin yara, har ba su da maraice ɗaya nasu cikin mako. Wannan kuskurenmu ne, ya kamata mu gyara.

Akila da Biriskilla: aiki da karatu a gida ɗaya

Wani zai ce, to, sai mu bar aiki da makaranta ke nan? Ko kaɗan. Bulus ya tsawata wa masu zaman banza a Tasalonika (2 Tasalonikawa 3:10-12), macen kirki ta Misalai 31 kuwa 'yar kasuwa ce mai saƙa, mai sayen gona. Bari mu dubi gidan da aiki ya yi yawa cikinsa, amma bai raba masu gidan ba.

Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Cikin korarrun akwai Akila, mutumin Fantas, da matarsa Biriskilla, wadda juyin 1979 ya ke kira Bilkisu. Suka sauka a Koranti, suka kafa sana'arsu ta ɗinkin alfarwa. Kalmar Helenanci da Luka ya yi amfani da ita tana iya haɗawa da aikin fata, har za mu iya cewa dukawa ne. Aiki ne na wuƙa da basilla, na zama tun safe har duhu. A nan Bulus ya same su, ya zauna wurinsu, gama sana'arsu ɗaya. Ya yi shekara ɗaya da wata shida a birnin.

Abu uku za mu lura da su. Na fari, sau shida Sabon Alkawari ya ambace su, ba kuwa inda aka ambaci ɗaya ba tare da ɗayan ba. A huɗu daga cikin shidan sunan matar ne a gaba, abin da ba a saba yi ba a zamanin. Luka ya ce sana'ar tasu ce su biyu. Ba mu ga inda aka raba, aka ce wannan wahalar miji ce, waccan ta mata ba.

Na biyu, mutanen ƙaura ne. Daga Roma zuwa Koranti, daga Koranti zuwa Afisa, sa'an nan muka same su a Roma kuma (Romawa 16:3-5), daga baya a Afisa (2 Timoti 4:19). Matan soja sun san irin wannan zama, yau Bauchi, gobe Kaduna ko Maiduguri. Amma a Afisa da Roma duka mun karanta ikkilisiya tana taruwa a gidansu. Ba su jira sai sun sami zama na dindindin kafin su kafa gida na ibada ba.

Na uku, masu karatu ne. Afolos mutumin Iskandariya ne, birnin manyan malamai, gwanin magana, masanin Littattafai. Amma saninsa ya tsaya a baftismar Yohanna. Su wa suka cika masa abin da ya rage? Masu ɗinkin alfarwa biyu. Suka ja shi gefe, ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, suka bayyana masa tafarkin Allah sosai. Yaushe suka sami wannan sani? Lalle a bakin aiki, suna yanka fata suna sauraron Bulus, suna kuma tattaunawa da juna. Abin da ɗaya ya koya, ɗayan ya ji.

Ga abin da ya dace da gidanmu na Shadawanka. Ba yawan aiki ne ya ke raba miji da mata ba, sai dai in kowa ya riƙe nasa shi kaɗai. In mijin yana ganin digirin matarsa abin da ya yi mata alfarma a kai ne, ko kuwa yana jin tsoron kada ta fi shi, karatun zai zama kishiya a gidan. In kuwa ya ce karatunmu ne, zai san ranar jarrabawarta, ya ɗauki jarka ya ɗebo ruwa, ya ɗora tukunya, ko da abokansa za su yi masa ba'a. Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, girmansa bai ragu ba. Haka kuma matar, in ta ce aikinmu ne, ba za ta tarbi wanda ya kwana tsaye a bakin gadi da jerin ƙorafi tun daga ƙofa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kasuwar barikin ma tana da abin koya mana. An ba da labari cewa sunan kasuwar mami ya samo asali daga Mammy Ochefu, amaryar wani ƙaramin soja, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a shekara ta 1959 domin ta taimaki gidanta. Mijinta, Anthony Ochefu, ya zama gwamnan soja a 1975. Ƙaramar sana'ar mace ba abin rainawa ba ce.

Hutawa umarni ne

Amma akwai iyaka. Mai-Wa'azi 4:6, ayar haddacewarmu, tana auna tafin hannu ɗaya da a ke ci da kwanciyar rai da hannu biyu cike waɗanda wahala ta ke biye da su, ta ce na farin ya fi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Mai yiwuwa ne kofur ɗinmu ya dakatar da nasa karatun shekara guda har matarsa ta gama, ko ita ta rage karɓar ɗinki a watan jarrabawa, su haƙura da cin tuwo ba nama. Wannan zaɓi ne na masu hikima, kada kowa ya kira shi kasawa.

Sau biyu aka rubuta dokar Asabar, kowanne da dalilinsa. A Fitowa 20 dalilin shi ne Allah kansa ya huta bayan halitta. A Kubawar Shari'a 5 dalilin shi ne Isra'ila bayi ne dā a Masar, Allah ya fanshe su. Bawa ba ya da ranar hutu. Wanda ba ya iya ajiye aiki ko rana ɗaya, ko albashinsa nawa ne, ya koma Masar da ƙafarsa. Fitowa 34:21 ta ƙara da cewa ko a lokacin huɗa da na girbi a huta, watau daidai sa'ad da manomi ya ke ganin ba zai yiwu ba. Ga ɗalibi, makon jarrabawa shi ne girbinsa. Hutawa a irin wannan lokaci shaidar bangaskiya ce, cewa Allah ne mai ciyarwa (Zabura 127:2). Dokar ta ambaci barori har da dabbobi. To, in maigida ya miƙe ƙafa ran Lahadi, matarsa kuwa tana wanki da girki tun daga tashin sujada har magariba, ba a kiyaye ranar a gidan ba.

A Markus 6 manzanni sun komo daga wa'azi, jama'a suna kai da kawowa har ba su da damar cin abinci. Yesu bai ce su ƙara himma ba, ya kira su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta tare da shi. Amma taron ya riga su isa, ya kuwa ji tausayinsu, ya koya musu. Abu biyu ke nan: mu shirya hutu da gaske, in kuwa larura ta katse shi, kamar yadda ƙaho ya kan katse barcin soja, kada mu yi fushi, sai mu sāke sa wata rana.

Sai mu bambanta hutawa da ɓata lokaci. Ba laifi ba ne saurayi ya je gidan kallon ƙwallo, ko mace ta ziyarci ƙawayenta. Ga ma'aunin: bayan nishaɗin, ka komo wa iyalinka da ƙarfi ko kuwa da ragowa? In giya ta cinye albashi, ko cacar ƙwallo ta waya ta cinye kuɗin makaranta, wannan bauta ce sabuwa. Mai-Wa'azi 9:9 ya gargaɗi mutum ya ji daɗin kwanakinsa tare da matar da ya ke ƙauna. Wannan ba ya bukatar dukiya. Su sayi masa su ci a faranti ɗaya, su taka da yamma, su ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama Firayim Minista. In sun yi tanadi, su je Yankari, wadda aka buɗe wa baƙi a 1962, su ga giwaye, su shiga ruwan ɗumi na Wikki. Bulus kuma ya faɗa a fili cikin 1 Korantiyawa 7:3-5 cewa miji da mata suna da hakki a kan juna, ko domin addu'a ma kada su ƙaurace wa juna sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci kuwa. In addu'a ba ta isa hujjar ƙaura mai tsawo ba, balle littafin lacca ko waya.

Mu kanmu ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka bar abinci ya huce a kan tebur, iyali suna jira, muna bin kalma ɗaya ta Helenanci, muna ce wa ranmu aikin Allah ne? Wanda ya ba mu aikin, shi ne ya ba mu iyalin.

Sayen zarafi

A Afisawa 5:16 Bulus ya yi amfani da kalmar kasuwa, "eksagorazo", daga "agora", watau kasuwa. Yana nufin a saye zarafi tun yana nan, kamar mai cefanen da ya ga kaya mai kyau ya biya kafin kasuwa ta watse. Kowane sayayya da abin da a ke bayarwa. Maraice ɗaya tare da matarka, kuɗinsa shi ne wasan ƙwallon da ba ka gani ba, ko ɗinkin da aka ƙi karɓa.

Dalilin da Bulus ya bayar shi ne kwanakin miyagu ne. Mutanen Shadawanka ba su bukatar a fassara musu wannan. A daren 29 ga Mayu 2011, ranar da aka rantsar da Shugaba Goodluck Jonathan, bama-bamai suka tashi a kasuwar mami ta barikin, mutane suna zaune suna shaƙatawa, aƙalla mutum goma suka rasu. Ba mu tuna da wannan domin mu tsorata kowa ba. Amma wanda ya ke cewa, bari in sami igiya ta uku tukuna, bari ta gama digiri tukuna, sa'an nan mu zauna mu san juna, yana ciniki da kuɗin da ba ya hannunsa (Yakubu 4:13-15).

Abin da za mu yi

Mako yana da sa'a 168. In an fitar da 49 na barci, saura 119. Muna roƙon kowane ango da amarya su zauna da takarda cikin makon nan, su rubuta inda sa'o'in nan su ke tafiya, ba tare da zargin juna ba. Sa'an nan su yi alkawari a kan abu huɗu. Su ci abinci tare sau ɗaya kowace rana in aiki ya bari, waya kuwa tana ajiye. Su karanta 'yan ayoyi su yi addu'a tare, ko na minti goma ne. In an tura mijin nesa, su sa sa'a guda da kowa zai yi addu'a a inda ya ke. Su keɓe maraice ɗaya a mako wanda ba na ikkilisiya ba ne, ba kuwa na dangi ko abokai ba. Su bayyana wa juna kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, kada ɗaya ya ɗauki sabon nauyi sai ya shawarci ɗayan. Tsofaffin ma'aurata kuma su jawo sababbi gefe, yadda aka yi wa Afolos, su gaya musu gaskiya da taushi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me Allah ya yarda rundunar Isra'ila ta rasa sababbin angwaye shekara guda? Me wannan ya ke nuna mana a kan darajar gida?
2. Mene ne bambanci tsakanin ciyar da mace da faranta mata zuciya?
3. Waɗanne ayyukan gida ne maza a wurinmu su ke jin kunyar yi? Me Yohanna 13 ta ke cewa a kan wannan kunya?
4. Ta yaya ikkilisiyarmu za ta sauƙaƙa wa sababbin ma'aurata, ta kuma kula da matan da aka tura mazansu bakin daga?
5. Wane abu guda za ka bari cikin makon nan domin ka sayi zarafi?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka kafa aure, ka ba mutum aiki, ka kuma tsarkake ranar hutawa. Ka dubi sababbin gidaje na cikinmu. Ka tsare waɗanda su ke bakin aiki nesa da iyalinsu, ka ƙarfafa masu karatu, ka sa albarka a sana'ar hannuwansu. Ka gafarta mana inda muka ba baƙi ƙarfinmu, muka kawo wa na gida gajiyarmu. Ka koya mana lissafin kwanakinmu, mu yi aiki da aminci, mu huta da bangaskiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.